Daren Da Na Zama Dillalin Bindiga A Mabera

Ni fa ko ragon layya ban taɓa yankawa da hannuna ba. Mahauci nake kira, in zagaya bayan ɗaki har sai an ce an gama. In yara suka fasa nokawut da sallah, ni ne farkon wanda ke shigewa gida. Na faɗi wannan tun da wuri ne don ku san irin mutumin da aka tara wa dattawan unguwa kan batun bindiga.

Autanmu ne ya ja mini. Yana zaune a Houston ta jihar Texas, inda mutum kan shiga kanti ya zaɓi bindiga kamar yadda muke zaɓen takalmi a babbar kasuwa, sai dai a cike takarda a binciki tarihinsa. An fasa masa mota sau biyu, sai ya kira ni ya ce: "Yaya, na ware dala 600 zan sayi ƙaramar bindiga. Na rasa wadda zan ɗauka tsakanin Glock da SIG da Beretta da CZ. Me ka gani?"

Abin da ya kamata in ce shi ne ban sani ba. To amma yaron nan tun da ya tafi bai taɓa neman shawarata ba, ko aurensa sai dai na ji an sa rana. Yau ga girma ya zo har gida, sai in mayar? Na gyara murya na ce ya ba ni kwana uku.

Kwana ukun nan data ta ga ta kanta. Na samu littafin rubutu na 'yan makaranta, na ja layi na yi gidaje kamar zan shigar da sakamakon jarrabawa. A nan na fara gane cewa irin wadda yake so, kowane jan kunama harsashi ɗaya take fitarwa, ita kuma ta ɗora na gaba da kanta. Na gano mai Glock ɗin, Gaston Glock, mutumin Ostiriya ne da ke ƙera ƙarfen rataye labule da wuƙaƙe kafin ya fito da bindigarsa a farkon shekarun 1980, kuma gangar jikinta roba ce mai tauri. Wannan ya ɗan sanyaya mini gwiwa, don ni a sanina roba ta bokiti ce. Glock 19 tana cin harsashi 15. Beretta kuwa ta Italiya ce, kamfanin yana nan tun 1526, wato kusan shekara 280 kafin jihadin Shehu. Sojan Amurka sun riƙe ta daga 1985, sai a 2017 suka koma wa SIG P320. Ita CZ 75 ta 'yan Cek ce, ƙarfe zalla, mai nauyi. A gidanta na rubuta "in harsashi ya ƙare a yi jifa da ita", na ja layi biyu a ƙasa.

Uwargida ta leƙa littafin ta ce: "Malam, wannan wane darasi ne?" Na ce harkar maza ce. Ta ce to, mazan su tuna gas ya ƙare.

Dare na uku babu wuta, ga zafin Sakkwato na watan Afrilu wanda ko bango ka taɓa sai ka janye hannu. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida wajen ƙarfe ɗaya, na danna waya na ɗauki murya ta minti huɗu, cikin natsuwa irin ta wanda ya san aikinsa. Na ce, kuɗin da ke hannu sun isa Glock ɗaya har a samu canji na harsashi. Na ce a bar Beretta, ta yi girma, ba ta ɓoyuwa a cikin riga. Na rufe da cewa kada a gaya wa kowa a gida, musamman tsofaffi, don hankalinsu zai tashi. Na tura, na ja filo, na yi barcin wanda ya sauke nauyi.

Ashe ba wa Auta na tura ba. Zauren WhatsApp na unguwa na tura, wanda aka buɗe don karo-karon gyaran taransifoma. Kuma ni ne ma'aji. Wata biyu ke nan kuɗin jama'a suna hannuna.

Da asuba na ga alama ban gane ba. A sahu, maƙwabcina da kullum yake manna ƙafarsa da tawa ya bar tazarar da akuya za ta wuce. Bayan sallama na miƙa hannu, mutum uku suka gaishe ni da hannu biyu har da rusunawa. Mai shayi, wanda yake bina kuɗin kwana tara kuma kullum sai ya tuna mini a gaban jama'a, ya zuba mini mai kauri ya ƙara ƙwai, ya ce: "Malam, bar shi kawai, ai mun zama ɗaya." Ɗan kabu-kabun da ke kai ni makaranta ya hango ni ya juya kan babur ya bi wata hanya. Sai da na buɗe waya na ga mutum arba'in da bakwai sun saurara, babu wanda ya ce uffan, sai wani yaro da ya sa hoton idanu biyu. Na goge saƙon, sai wurin ya koma "an goge wannan saƙo", abin da ya ƙara wa miya gishiri.

Kafin azahar mai unguwa ya aiko. Na tarar da zaure cike: liman, dattawa huɗu, wani tsohon ɗan sanda mai ritaya, da wani baba maharbi da ban san wanda ya gayyato shi ba. Ba kuma zan ga laifinsu ba, duk wanda ke da dangi wajen Isa ko Sabon Birni ya san kalmar bindiga ba abin wasa ba ce a jihar nan.

Mai unguwa ya ce: "Malam, wagga magana da munka ji, gaskiya ta?"

Na ce: "Ranka shi daɗe, muryata ce, amma bindigar ba tawa ba ce."

Liman ya yi salati. Na gane na ƙara ɓata lamarin. Tsohon ɗan sandan ya karɓe, ya karanto mini dokar makamai ta 1959 da ka: bindigar maharba kwamishinan 'yan sanda ke ba da izininta, ta harbin tsuntsu sai Sufeto Janar, amma fistol tana cikin jerin haramtattu, sai da izinin shugaban ƙasa. Ya dube ni ya ce: "Kai kana da lambar shugaban ƙasa?"

Na aika yaro ya ɗauko littafin da takardar banki. Aka ƙirga kuɗin taransifoma, ko naira ba ta yi ciwon kai ba. Na kira Auta a bidiyo, ya ɗauka da ƙyar don can gari bai gama wayewa ba, ya tabbatar da zancena yana hamma. Zaure ya ɗauki dariya, ni kuma gumi ya fara bushewa.

Da na ce zan tashi, tsohon ɗan sandan ya riƙe littafin. Ya sa tabarau ya bi gidajen da yatsa, ya ce wa ya ce mini Glock ta fi Beretta? Bindigar da ba ta da makullin da za ka murɗa da babban yatsa, ita zan ba yaro? Na ce nata makullin a jikin kunama yake. Ya ce wannan ai kamar a rataye makullin gida ne a jikin ƙofa. Baba maharbi ya ce duk shirme muke, tasa ta toka shekara talatin ba ta taɓa ba shi kunya ba, sai sau ɗaya da ta ƙone masa gemu. Har aka kira la'asar ana musu, mai unguwa na raba gardama.

Bayan mako guda Auta ya kira. Matarsa ta ce ko ita ko bindiga a gidan, don haka ya sayi kyamarar ƙofa da kuɗin. An kuma naɗa mini mataimakin ma'aji, wai don a rage mini aiki. Yaran unguwa suna kirana Malam Gulok. Jiya na zauna wajen mai shayi, tun kafin in ce a zuba ya ɗaga murya ya ce kwana goma sha shida ke nan, har da kuɗin ƙwan ranar nan.