A Disney World har layi ma na sayarwa ne

Da zarar an shiga dogon hutun makaranta, hotunan kan fara yawo a Instagram: yara sanye da hula mai kunnuwan ɓera, a bayansu wata fada mai dogayen hasumiyoyi, uwa da uba sai murmushi. Wurin shi ne Walt Disney World, kusa da birnin Orlando a jihar Florida ta Amurka. Hoton bai yi ƙarya ba, akwai daɗi a can. Abin da ba ya nunawa shi ne cewa cikin 'yan shekarun nan kamfanin ya gano hajar da ta fi tikitin shiga daɗin sayarwa, wato wahalar tsayuwa a layi.

A fara ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Ranar 1 ga Oktoban 1971 aka buɗe wurin a kan filin da a da fadama ce da daji, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 100. Yau dandali huɗu ne a ciki: Magic Kingdom, da Epcot da ya biyo baya a 1982, da Hollywood Studios a 1989, sai Animal Kingdom a 1998. Magic Kingdom kaɗai ya karɓi baƙi sama da miliyan 17 a 2023, babu dandalin wasa a duniya da ya kai shi. Duk da wannan taro, da wuya ka ga shara a ƙasa ko motar kaya tana ratsa jama'a. Dalili shi ne dandalin a bene yake. Saboda ruwa na kusa da doron ƙasa a Florida, sai aka fara gina hanyoyin ma'aikata, sannan aka ɗora tituna da shaguna a kansu. Ta can ƙasa ake shigar da kaya, ta can bututu ke zuƙe shara. A Epcot kuwa akwai unguwar Maroko da aka buɗe a 1984, wadda Sarki Hassan na Biyu ya aika da magina daga ƙasarsa suka yi mata zane da tayil. Wanda ya tsaya a tsakar gidan nan ya dubi aikin hannun da ke bango zai san ba wasan yara aka yi ba. Da dare kuma a cika sama da tartsatsin wuta, yaro ya buɗe baki ya manta da alewar da ke hannunsa. Wannan gwaninta ce, kuma gwaninta sai da kuɗi.

Kuɗin ma ba kaɗan ba. Ranar buɗewa dala 3.50 babba ke biya a ƙofa, kodayake a lokacin hawan lilo daban ake biyansa. A 2025 tikitin yini guda yana tsakanin dala 119 da 199, gwargwadon ranar da dandalin, kuma yaro ɗan shekara 10 kuɗin babba ake karɓa a kansa. Magidanci mai iyali shida, ko da dala 150 aka lissafa kowa, ya ajiye dala 900 ke nan kafin a sha ko ruwa. Amma tsada ba ita ce ke damuna ba. Ba dole aka yi wa kowa ba, kuma wanda ya iya kuɗin jirgi da otal ya san inda ya dosa.

Abin da ke damuna ya faro ne bayan annobar korona. Tun 1999 Disney na da wani tsari mai suna FastPass, kyauta: a farkon tsarin ka karɓi takarda mai ɗauke da lokacin da za ka dawo, ka tafi ka ci abinci ko ka huta, lokaci ya yi ka shiga ta gajeren layi. Mai dala dubu da mai dala ɗari duk hanyar ɗaya suke bi, wanda ya riga shi ya samu. Da aka rufe wurin a Maris na 2020 aka sake buɗewa a Yuli, FastPass bai dawo ba. A Oktoban 2021 aka maye gurbinsa da Genie+, dala 15 kowane mutum a yini. A 2024 aka sake masa suna da fasali ya koma Lightning Lane, farashinsa na hawa da sauka bisa cikar rana, har da wani babban nau'i da kan kai dala 449 a Magic Kingdom, ban da tikitin shiga.

Lissafin ba shi da wuyar ganewa. Kowane lilo yana da iyakar mutanen da zai ɗauka a awa guda. Kujerar da aka ba wanda ya biya ƙari, daga layin gama-gari aka cire ta. Ashe duk wanda ya sayi gajeriyar hanya ya ƙara wa na baya tsawon tsayuwa, tsawon tsayuwar kuma shi ke tura wasu su saya. Duk wanda ya taɓa kwana a layin mai yana kallon motoci na shiga ta ƙofar fita bayan an yi musabaha da mai gadi ya san wannan ciniki. Bambancin kawai a nan mai gidan man ne da kansa ya buga farashi ya ba da rasit. Kamfanin da cunkoso ke kawo wa riba, me zai sa ya matsu ya rage cunkoson?

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce idan babu farashi mai hawa, ranakun hutu za su cika har a rasa wurin taka ƙafa, kuma Universal, dandalin wasan da ke maƙwabtaka da Disney, ya daɗe yana sayar da irin wannan dama. Haka ne. Sai dai raba jama'a tsakanin ranaku aikin farashin tikiti ne, kuma yana yinsa tun 2016. Raba su gida biyu bayan sun riga sun biya sun shigo wani abu ne daban. Ga shi kuma ba shi kaɗai aka janye ba: motar da ke ɗauko baƙin otal daga filin jirgi kyauta ita ma an dakatar da ita a farkon 2022. Shugaban kamfanin na lokacin, Bob Iger, ya amsa a 2023 cewa son riba ya sa sun ɗan wuce gona da iri a wasu farashin, kuma a shekarar aka soke kuɗin ajiye mota a otal-otal ɗinsu. Kuɗin layi dai yana nan daram.

Asarar da ta fi zafi ba a aljihu take ba, a kan hutun kansa take. Ana buɗe rajistar lilo a manhaja da ƙarfe bakwai na safe, kwana bakwai kafin zuwa ga mai sauka a otal ɗin Disney, kwana uku ga sauran. Uba ya zama akawu, kansa a sunkuye kan waya, yana fargabar caji ya ƙare. Hutun yaranmu kuma ya faɗa Yuli da Agusta, lokacin da zafin Florida ke haura digiri 32 da gumi mai manne riga a jiki, ga tsawa da ruwan la'asar da kan sa a tsayar da lilon da ke fili. Ƙaramin da bai kai santimita 112 ba ba za a bar shi ya hau lilon Space Mountain ba, sai ya tsaya yana kallon yayyensa. Wajen ƙarfe uku ya fara kuka yana son barci, uwa ta ce a koma masauki, uba ya tuna dala 900 ɗin nan ya ce a ƙara ɗaya tukuna. A nan ake samun ɓacin ran da ba ya shiga hoto. Da an tambayi yaron, mai yiwuwa kwamin wankan otal zai zaɓa.

A Mayun 2025 Disney ta sanar da cewa za a gina sabon dandali a tsibirin Yas na Abu Dhabi, tare da kamfanin Miral. Wannan ya fi kusa da masu zuwa Dubai daga Kano ko Yamai, kuma can abincin halal da wurin salla ba za su zama abin nema ba. Ranar da aka fitar da farashi, kafin na dubi kuɗin ƙofa zan fara duba ko layi nawa za a yi a bakin kowane lilo.