Dabba ta mutu sai kwalbati? Haba samari

Salam yan uwa matasa masu ɗan kiwo a bayan gida. Shekaranjiya na biyo ta bakin rafin Kubanni nan Zariya wari ya kusa mayar dani gida, wani bawan Allah ya yar da mushen tunkiya a wajen, karnuka sai ja suke, ga yara na wasa kusa, can ƙasa kuma masu lambu na ban ruwa. Asara ta sameka, Allah ya mayar da alheri, amma ai ba a kan unguwa zaka huce ba.

Nima fa na taɓa yi, ba wai na fi kowa bane. Akuyoyi biyu na rasa na jefa a bola ina cewa ƙaddara, sai a ta uku, wata ja mai haifa min tagwaye, da ta yi ta ramewa ga ciki tim kamar mai juna biyu har ta mutu, wani abokina da ya karanta likitan dabbobi a ABU yace kar in kuskura in yar. Ya sa safar hannu ya farke tumbin, wlh leda ce dunƙule da zaren buhu harda guntun soso, sun haɗe sun yi tauri kamar ƙwallo. Ni da nake zargin maƙwabta da sa guba kunya ta isheni. Daga ranar na daina sakin dabbobi yawon bola, kuma har yau ban sake irin wannan asarar ba. Kaga mushen nan ya min amfanin da kuɗin akuyar bazai min ba. Mu da Allah ya ba asibitin dabbobi na ABU a Samaru, ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika, mutane na tahowa daga nesa, mu muna gindin abin amma sai mu tsaya muna canki-canki. Ka kai mushen da wuri dai, in ya kwana ya ruɓe likita ba abin da zai gani.

Amma dan Allah ba kowane mushe ake farkewa ba. In dabba lafiya lau ta faɗi farat ɗaya, ta kumbura nan da nan, baƙin jini mara daskarewa na fita ta hanci ko ta baya, to ka ji tsoron ciwon saifa, irin wanda aka tabbatar a Suleja a 2023. Kar ka feɗe, kar ka taɓa fatar, yana kama mutum. A kira likita, a ƙone ko a binne a rami mai zurfin mita 2. Haka su ma kaji in suka fara zubewa lokaci guda musamman da hunturu, ware masu lafiya ka nemi rigakafi, ba ka kwashe ka kai kasuwa da sassafe ba.

Wanda kuma ya san dalili, misali rago ya karye ko ya ɓarke buhun masara cikinsa ya kumbura, in an ga ba zai tashi ba a sa wuƙa tun da sauran rai. Sai dai in kwanan nan ka dirka masa allura, duba kwalbar, akwai kwanakin da ba a cin naman. Masu kai wa mai tsire abin da ya mutu da kansa kuwa, ku ji tsoron Allah, haram kuke ciyar da mutane.

Fata fa? Annabi (SAW) ya wuce mushen wata tunkiya da aka ba baiwar Nana Maimuna sadaka, ya ce me ya hana ku ɗauki fatar ku jeme ku amfana, suka ce mushe ce, ya ce cin ne aka haramta. A Risala dai an ce a yi amfani da ita in an jeme amma ba a salla a kai kuma ba a sayarwa, saboda haka kar ka yi buzu da ita. Ka zuba mata gishiri sosai ta gefen nama, a shanya a inuwa, majema su gama da bagaruwa.

Sauran gangar jikin taki ne. Haƙa rami ya wuce ƙugu, nesa da rijiya, zuba toka, rufe, ɗora dutse ko tsohon kwano saboda karnuka. Jar akuyar nan haka na yi mata a kusurwar gida, da damina ta zagayo na dasa gwanda a gefen ramin, yanzu har ta leƙa katangar maƙwabcin da na so zarga, yaransa ma sun fi nawa sha.