Awon kaurin ƙanƙara bai isa shi kaɗai ba

Wani labari kan sansanonin matasan ƙabilar Dene a kusa da garin Yellowknife, Kanada, ya nuna kamar dattawa na gefe guda suna koyar da kamun kifi, malaman kimiyya na ɗaya gefen suna aune-aune. A kan daskararren tafki ba haka abin yake ba, tare suke aiki.

Kafin a saka raga ƙarƙashin ƙanƙara, sai an huda rami an auna kauri. Shawarar ƙungiyar Red Cross ta Kanada ita ce santimita 15 ga mutum ɗaya, 20 ga jama'a, 25 ga babur ɗin ƙanƙara. To amma ƙanƙara mai shuɗi-shuɗi ta fi ƙarfi. Fara rabin ƙarfinta gare ta, mai ruwan toka kuwa kada ma a taka. Matsalar tana mashigar kogi ne, inda ruwa ke gudana ta ƙasa yana cinye ƙanƙarar, ramin da aka huda can baya kuma ba zai nuna ba. Dattawa ne suka san wuraren nan.

Kifin ma, bayan tsawo da nauyi, a ciro ƙashin kunnensa don sanin shekarunsa, a daskarar da tsoka don gwajin zaiba, wani sinadari mai guba. Manyan kifaye masu cin ƙanana sun fi tara ta.