Ɗan Shekara Huɗu da Malamai Uku

Ranar Lahadi na kira yayata a unguwar Zariya, ina jiyo kukan yaro a bayanta. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ta ce autanta ne, mushen da ke zuwa gida koya masa karatu ya iso, shi kuma ya shige ƙarƙashin gado ya ƙi fitowa. Shekararsa huɗu. Da safe jardan da jakar da ta kusa rinjayarsa, da la'asar islamiyya, bayan magariba mushe, jika biyar a wata.

Da na yi magana sai ta ce, "Kai ma ka faɗa! Ba ku ne can Faransa kuke kai yara lakkwal tun suna shekara uku ba?"

Gaskiyarta. Tun 2019 doka ta wajabta karatu daga shekara uku a nan. Amma shekarun kawai muka kwaikwaya, ba mu leƙa cikin ajin ba. Ɗiyata ta yi shekara uku a ajin ƙanana a Liyon, abin da take kawowa gida fenti ne a riga, da waƙoƙi, da takardar da ta yanka da almakashi. Bayan abincin rana har kwantar da ƙananansu ake yi su yi barci. Karatu na sosai sai a CP, ajin farko na firamare a nan, a shekara shida, kuma da harshen da yaro ke ji ko'ina a titi. Ɗan yayata kuwa ya cika kaye guda da kalmar baƙon harshe da ke nufin gida, bai san gida take nufi ba.

Ba wai komi na nan ya fi ba. Yaransu a kulle suke a bene, ba dandali, ba kaka mai tatsuniya. Wannan mu muke da shi, kuma shi muke sayarwa mu biya mushe.

Ni sai da hannuna ya zagaya kai ya taɓa kunne aka rubuta ni CI, ajin farko na firamare a ƙasarmu, ina shekara bakwai. Kafin nan motar kara nake ƙerawa, ina langa, ina bin awaki bakin gulbi. Ƙirga a gurbin dara na koye ta, wurin tsofaffin ƙofar gidanmu. Ban ga abin da na rasa ba.

A ganina ba don yaron ake wannan gaggawa ba. Don wurin suna ne da biki, inda za a ce, "Nawa ya zo na ɗaya, har an tsallakar da shi aji." Masu makarantun kuɗi sun gane kasuwar, suna ba uwaye abin da za su nuna.

Na ce, "Yaya, ko mushen nan ki sallama, ki bar masa daren." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ɗan maƙwabciyata fa? Ya riga ya kai ƙirga ɗari." Har muka yi sallama auta bai fito ba.