Masu cewa industrial metal ba shi da rai sun ɓata lissafi

Tun da asirin The Velvet Sundown ya tonu a tsakiyar 2025, aka gane cewa ƙungiyar da ta tara masu sauraro sama da miliyan ɗaya a wata a Spotify ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa mata murya da kiɗa har da hotunan mawaƙan, wasu masoya kiɗan metal, wato rock mai nauyi da jita mai kaushi, suka samu sandar da suka daɗe suna nema. Fushinsu a kan waƙoƙin bogi yana kan hanya, ni ma ina tare da su. Abin da ya ɓata mini rai shi ne wanda suka juya suna duka da sandar. Yanzu da an ambaci industrial metal, reshen metal da ke haɗa jita da na'urorin kiɗa, sai ka ji ana cewa ai daga nan ɓarnar ta faro, wai ƙungiyoyi irin su Ministry da Godflesh da Nine Inch Nails ne suka saba wa kunnen jama'a da kiɗan inji, don haka su ne kakannin wannan annoba. An yi musu kuɗin goro da manhajar da ake rubuta wa jimla ɗaya ta tofo waƙa cikin minti guda.

Tsohon zagi ne aka sake wa riga. Tun ƙarshen shekarun 1980, lokacin da Al Jourgensen na Ministry ya haɗa jita mai kaushi da na'urorin kiɗa a Chicago, masu gadin ƙofar metal suke cewa wannan ba nasu ba ne. A wurinsu metal na gaskiya sai an ga mutum zaune bayan ganguna yana zufa, in ba haka ba to kiɗan ba shi da rai.

To mu tambaye su daga ina metal ɗin nasu ya fito. Tony Iommi na Black Sabbath, wanda duk mai kaɗa jita a wannan fage yake kallo a matsayin uba, yana ɗan shekara 17 injin wata masana'antar ƙarfe a Birmingham ya datse masa kan yatsu biyu, a ranarsa ta ƙarshe a wurin aikin. Ya narkar da robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya lulluɓe da fata, ya koma amfani da tsirkiya marasa kauri, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don rage zafi. Wannan sassautawar tana cikin abin da ya ba kiɗansu nauyin da ake yabo har gobe. Kiɗan da inji ya bar tabonsa a kan yatsun wanda ya kafa shi, yau magadansa ne suke ƙyamar jin ƙarar inji a cikinsa.

A wannan Birmingham ɗin dai Justin Broadrick da G. C. Green suka kafa Godflesh a 1988, suka fitar da kundin Streetcleaner a 1989, da injin ganga a madadin makaɗi. Masu suka suna son a ɗauka rashin iyawa ne ko rowar kuɗin makaɗi. Broadrick kuwa da kansa makaɗin ganga ne, shi ke buga wa ƙungiyar Head of David kafin nan. Ya san abin da hannu yake iya yi, ya san abin da ba ya iyawa, ya zaɓi injin da gangan. Sun ma gwada makaɗa mutane a kundinsu na 1996 da na 2001, amma da suka sake haɗuwa bayan rabuwa sai suka koma wa injin.

Duk wanda ya taɓa zama gaban irin wannan na'ura ya san ba ta ƙirƙiro komai. Akwati ne mai maɓallai, kowane maɓalli da sautinsa. Kai ne za ka sa kowane bugu a gurbinsa, ɗaya bayan ɗaya, ka ce wannan ya yi ƙarfi, wancan ya yi sanyi, a nan a yi shiru. In ka sa shirme, shirme za ta maimaita maka har ka kashe ta. Abin da take da shi wanda mutum ba shi da shi guda ne: ba ta gajiya, ba ta jira, ba ta tausayi. Makaɗi in ya ga mai jita ya makara yakan ɗan ja baya su daidaita, ko da bai sani ba. Inji ba ruwansa. Mai jita da mai waƙa su ne za su bi shi a guje, kuma wannan fafutukar ita ce ake ji a cikin kiɗan, muryar mutum tana ihu a kan bugun da ba zai sassauta masa ba. Wanda ya tashi a garin da masana'antu suka cinye iyayensa, sannan suka rufe suka bar unguwanni babu aiki, da wane sauti ake so ya ba da labarinsa? Ran kiɗan da ake cewa babu, yana nan a tsakanin mutumin da injin.

Jamusawa sun kai abin inda ya fi haka. Einstürzende Neubauten, da aka kafa a Berlin ta Yamma a 1980, da tarkacen ƙarfe da injin huda bango suke hawa dandamali. Daga irin wannan tushe, da na Throbbing Gristle a Ingila, aka samo rabin jinin industrial metal. Mutanen da ke dukan ƙarfe da guduma har hannu ya yi kanta, su ne za a haɗa da wanda ya danna maɓalli ya tafi shan iska?

Akwai kuma munafunci a cikin lamarin. Da yawa daga cikin kundayen metal masu tsananin gudu da waɗannan masu suka suke rantsuwa da su, an liƙa wa gangunansu 'yan na'urori masu sauya kowane bugu da sautin da aka riga aka ɗauka, sannan an zauna gaban kwamfuta an gyara duk bugun da ya kauce. Kowa a harkar ya san haka. Bambancin kawai shi ne su suna ɓoye injin a bayan makaɗi, masu industrial kuma sun ajiye nasu a gaba kowa na gani. Wanda bai ɓoye ba shi ake kira maƙaryaci.

Mai shakkar ko akwai waƙa a ƙarƙashin hayaniyar, mawaƙin Amurka Johnny Cash ya riga ya ba shi amsa a 2002, da ya ɗauki "Hurt" ta Trent Reznor, jagoran Nine Inch Nails, ya rera ta da jita da fiyano, yana tsoho yana fama da ciwo. An cire duk ƙarar, abin da ya rage ya sa mutane kuka. Reznor ɗin nan ya ci Oscar sau biyu tare da Atticus Ross a kan kiɗan fim, kuma an shigar da Nine Inch Nails zauren girmamawa na Rock and Roll a 2020. Ba lambar yabo ce ke sa kiɗa ya yi kyau ba, amma ai ba a ba mutum irin wannan don ya iya kunna na'ura.

Akwai 'yan gargajiyar industrial, kiɗan injuna da tarkacen ƙarfe na asali, da ke kuka ta ɗaya gefen, wai jita ce ta lalata musu kiɗa. Cutarsu ɗaya da waɗancan, ƙofar da suke gadi ce kawai ta bambanta. Masu cewa kiɗan yana haifar da kisa kuwa, an ji su bayan harbin makarantar Columbine ta Amurka a 1999, da aka ɗora wa KMFDM da Rammstein laifi, kuma har yau ba su kawo hujja ba.

Ba na cewa dole kowa ya so wannan kiɗa. Yana da kaushi, wani lokaci yana da muni, kuma akwai ƙungiyoyin da suka kwaikwayi ƙarar ba tare da suna da abin faɗa ba. Mutum ya ce kunnena bai ɗauka ba, magana ta ƙare. Amma ya ce babu mutum a ciki, wannan jahilci ne, kuma jahilcin da ke yi wa masu waƙoƙin bogi aiki, domin in aka yarda duk kiɗan da inji ya taɓa ɗaya ne, to babu sauran abin tuhumarsu da shi.

Tambayar da ta dace ita ce wa ya yanke shawarar kowane sauti, kuma wa zai amsa sunansa a kai. Deezer, kamfanin sauraron waƙa irin Spotify, ya fara sa alama a kan kundayen da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa, sauran kamfanoni su yi haka a fili, a kuma daina biyan waƙoƙin bogi daga asusun da ake raba wa mawaƙa. A wannan faɗa masu gadin ƙofa za su tarar da masu injin ganga a ɓangarensu, domin daga aljihu ɗaya ake zarar musu kuɗin.