"Wasa Nake Yi" Ba Ya Goge Abin Da Baki Ya Furta

Assalamu alaikum 'yan'uwana masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa, manyanmu da ƙannenmu.

A ƙarshen makon da ya wuce na ga wani abu a wurin baje kolin ƙananan jirage, har yau ya ƙi barin raina. Wani matashi ne da bai wuce shekara 16 ba ya kawo allonsa na farko, wato katakon da ake shimfiɗa layin ƙaramin jirgi a kai. Layi ɗaya ne zagaye, da tasha ta kwali, da bishiyoyin soso da ya rina kore, gam ma bai gama bushewa a gindin gadar ba. Ya ɗora ƙaramin samfurin Flying Scotsman, shahararren kan jirgin tururi na Birtaniya, a kai, ya jona masa taragon kwantena irin na zamani, jirgi yana zagaye shi kuma bakinsa ya ƙi rufuwa don murna. Sai ga dattawa uku daga cikinmu sun tsaya a kansa. Na farko ya ce, "Samari, wannan kan jirgin a 1923 aka ƙera shi a Donkasta, ina ya samo kwantena, ko a mafarki?" Aka kwashe da dariya. Na biyu ya gyara zaman tabarau, ya sunkuya, ya ce koren fentin bai dace da lambar da ke jiki ba. Na uku ya ce a ƙyale yaro, ai kayan wasan yara ne. Yaron ya yi murmushin dole ya ce, "Na gode Baba, zan gyara." Ya murɗa makunni, jirgi ya tsaya, ya sa hannuwansa a baya. Da suka ga fuskarsa ta sauya, ɗaya ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba, wasa muke yi."

Wannan kalmar ce ta dame ni. Wasa muke yi. A yanka mutum a gaban jama'a, sannan a miƙa masa wannan kalma wai ya share jini da ita.

Kada wani ya ce na tsani raha. Wannan harka tamu idan babu raha ba za ta yi daɗi ba ko kaɗan. Mai jirgin tururi ya zolayi mai na dizal ya ce akwatin ƙarfe yake tuƙawa, mai dizal ya rama ya ce wancan tukunyar ruwan zafi ce mai ƙafa. Mai ma'aunin O, wato manyan samfura, ya ce wa mai N, wato 'yan mitsi-mitsi, ya zo da madubin likita kafin a ga jirginsa, mai N ya ce shi dai bai sayar da rabin gidansa don ya samu wurin shimfiɗa layi ba. Jirgin wani ya sauka daga layi a daidai lokacin da 'yan kallo suka cika, a yi masa tafi, shi ma ya yi dariya ya ɗora shi. Duk wannan daidai ne, domin tsara ne da tsara, kowa ya jefa an jefo masa, an tashi ana musabaha. Abin da nake magana a kai daban ne. Shi ne ba'ar da ke gangarowa daga sama zuwa ƙasa, wadda wanda aka yi wa ba shi da bakin ramawa, wadda ba don a yi dariya aka yi ta ba sai don a san cewa mai maganar ya sani. Girman kai ne ya sa rigar barkwanci. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma mai irin wannan wasa ba ya taɓa yin sa ga wanda ya fi shi iya aiki. Sabon shiga yake nema, ko yaro, ko wanda kuɗinsa bai kai ya sayi mai tsada ba.

Abin haushin ma, su masu gyaran ba su gama daidai ba. Flying Scotsman yana nan da ransa, gidan tarihin jiragen ƙasa na York ya mallake shi tun 2004, yana kuma fita kan layin da jiragen kwantena ke bi. Ya je Amurka a 1969, ya je Ostareliya a 1988. Inji da ya ga duniya haka, shi ne za a ce bai taɓa haɗa hanya da kwantena ba? To ko da ma bai taɓa ba, allon na wa ne? Mu da kanmu muke faɗin dokar farko ta wannan harka, cewa layina ne, abin da na ga dama shi zai bi ta kai. Muna tuna dokar idan an taɓa namu, mu manta da ita idan mun tsaya a kan na wani.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bari mu ɗan yi lissafi, tunda masu ƙirga ƙusa, wato masu bin diddigin kowace ƙusa a jikin jirgi, lissafi suke so. Faɗin layin dogo na gaske, wanda aka fi amfani da shi a duniya, milimita 1,435 ne. Ma'aunin OO da Ingila ta fi so kashi 1 ne cikin 76.2 na girman jirgin gaske, don haka layinsa ya kamata ya zama milimita 18.83. Amma a kan milimita 16.5 yake gudu, wato layin ma'aunin HO da aka yi wa kashi 1 cikin 87. Dalili kuwa shi ne a farkon lamarin na'urorin lantarki masu motsa ƙaramin jirgi sun yi wa jikin samfuran injunan Birtaniya girma, sai aka ƙara girman jiki aka bar layi yadda yake. Ke nan duk mai OO da ke yi wa yaro dariya kan launin fenti, jirginsa gaba ɗaya a kan layin da ya tsuke da fiye da milimita 2 yake tafiya. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Sai mai ma'aunin EM ya zo da layi mai faɗin milimita 18.2 ya raina mai OO, sai mai ma'aunin P4 ya zo da 18.83 cif ya raina mai EM. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. To shi mai P4 fa? Injinsa na tururi da wutar lantarki yake motsi, babu gawayi babu ruwa a cikinsa. Kilomita ɗaya a ma'auninsa ya haura mita 13, amma tasha biyu ya cusa a ɗaki ɗaya yana ce mana gari da gari ne. Dukkanmu kwaikwayo muke yi, kowa da inda ya rufe ido ya wuce. Don me wurin da kai ka rufe ido zai zama hikima, wurin da yaro ya rufe nasa ya zama abin dariya?

Ba na raina masu bin diddigi. Wanda zai zauna wata da watanni yana duba tsofaffin hotuna don ya gano inda bututu ya bi a jikin inji, ya lanƙwasa waya siririya ya liƙa ta da dalma, wallahi ina jinjina masa, kuma da irinsu ne kamfanoni suka gyara kayansu. Ilimi ne. Amma ilimin da ba ya fita daga bakin mai shi sai da gatse, ina amfaninsa? Yabon kai jahilci, ko da an naɗe shi cikin dariya.

Ku dubi manyan da suka isa a kira su gwanaye. John Allen na garin Monterey a Kalifoniya, wanda ya rasu a 1973, har yau ana koyi da duwatsu da gadojin da ya gina, da yadda yake tsufar da tarago da fenti har ka rantse ya shekara ashirin a rana da ruwan sama. Wannan mutumin da kansa ya ajiye dainaso a harabar tasharsa, wai ita ke jan taragai. Ya iya, kuma ya san abin don nishaɗi ake yi. 'Yan tagwayen nan Frederik da Gerrit Braun da suka buɗe Miniatur Wunderland, katafaren gidan kallon ƙananan jirage, a Hambog ta Jamus a 2001, layinsu ya haura kilomita 16, amma sun cika wurin da ƙananan abubuwan ban dariya a ɓoye don yara su nema su gano. Mawaƙi Rod Stewart ya shekara 23 yana gina ƙaramin birninsa na jirage irin na Amurka ta shekarun 1940, har ɗakin otal na daban yake kamawa idan yana yawon waƙa don ya ci gaba da haɗa gine-gine. Da wasu matasa suka farfasa kayan ƙungiyar ƙananan jirage ta Market Deeping da ke Ingila a Mayun 2019, aikin shekaru ya zama tarkace a dare ɗaya, fam 10,000 ya aika musu. Ƙungiyar fam 500 ta roƙa, jama'a suka tara mata sama da 100,000. Wannan ita ce zuciyar harkar da na sani. Kai kuma da ba ka gama ko tasha ɗaya ba, kai ne mai zare ido a kan allon yaro?

Af, tunda na ambaci wannan, bari in taɓa su. Akwai waɗanda jirginsu a baki yake. Shekara da shekaru suna "shiri", akwatuna jibge a saman kabad ba a ko yage ledarsu ba, ba su taɓa yanka katako ba, ba su taɓa ƙona yatsa da ƙarfen dalma ba, amma duk allon da aka kawo su ne alƙalai. Akwai kuma masu faɗin farashi ba a tambaye su ba. Ka ce injinka ya yi kyau, ya ce ai ka san nawa na saye shi? Wa ya tambaye ka? Ga masu DCC, wato tsarin sarrafa jirgi na dijital, da ke ƙure sautin injinsu a zauren da kowa ke ciki, har ba ka jin maganar na kusa da kai, sannan su kalli mai tsohon makunnin DC kamar wanda ya fito daga kogo. Duk cuta ɗaya ce, a gan ni, a san da ni.

Amma waɗanda suka fi ba ni haushi, bayan mai ba'ar, su ne masu dariyar. Ba a mugun sarki sai mugun bafade. Da mutum zai jefa gatsensa kowa ya yi shiru ya kalle shi, ba zai sake ba. Mu ne muke ba shi wuri, mu ƙyalƙyale don kada a ce ba mu waye ba, ko don muna tsoron gobe bakin ya juyo kanmu. Kowace ƙungiya ta san nata mai bakin, ana cewa "ai halinsa ne, ba ya nufin komai." Yana nufi mana. Magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa, kuma yaro ba ya mantawa da ranar da manya suka taru suka yi masa dariya a kan abin da ya kwana yana yi. Allah Ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili a Suratul Hujurati, aya ta 11, bai kuma ware wurin nishaɗi Ya ce can an yarda ba.

Ku kuma ƙannena, ba na ce ku toshe kunne ba. Wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. Idan dattijo ya ce layinka zai kumbure da zafi don ba ka bar 'yar tazara tsakanin ƙarafa ba, ko ya ce kwanarka ta yi tsauri ga dogon tarago, gaskiya ya faɗa maka, ka karɓa ko da bai iya faɗa ba. Ku rage ɗaga waya kuna ɗaukar hoto ku wuce, ku tsaya ku yi tambaya, ku leƙa ƙarƙashin allo ku ga yadda aka ja wayoyi. Kuma don Allah, abin da ya fi tsorata ni ke nan, kada ku koyi wannan bakin. Na fara ganin 'yan shekara ashirin da ba su fi wata shida da shiga ba suna yi wa na bayansu irin gatsen da aka yi musu, suna ganin haka ake zama ɗan gida. Da rarrafe yaro kan tashi, kai da ka miƙe jiya kada ka yi wa mai rarrafe dariya.

Da ba haka abin yake ba. Mutanen da muka tarar, idan suka ga sabon shiga, kujera suke jawo masa. A miƙa masa makunni a ce ja jirgin nan zuwa tasha, ya yi karo a ce ba komai, kowa ya yi. Dattijo ya buɗe gwangwanin tarkacensa ya zaɓo maka ƙafafun tarago kyauta, ya riƙe hannunka ya nuna maka yadda ake goge layi. Ba su da kayan da muke da su yau, da kwali da katakon ashana da gwangwani suke gina gari guda, kuma idan za su gyara maka kuskure sai sun fara yaba abin da ka yi daidai, su ja ka gefe su faɗa maka a hankali. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, sun san haka. Zolayarsu a tsakaninsu take tsayawa. Yanzu kaya sun yi kyau, inji yana fitowa daga kwali da kowace ƙusa a wurinta, da fitila da sauti, amma haƙuri ya yi ƙaranci, kunya ta tafi. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari.

Sannan mu zauna muna kukan babu matasa. A farkon 2024 shagon ƙananan jirage na Hattons, da aka kafa a Libaful tun 1946, ya rufe. A daidai wannan lokacin ƙungiyar ƙananan jirage ta Warley ta sanar da daina babban baje kolinta na Birmingham bayan shekara 30, ta ce mambobinta sun tsufa. Ban ce ba'a ce ta rufe su ba, akwai tsadar kaya, akwai ƙarancin wuri a gidaje, akwai sauyin kasuwa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Tsada ba a hannunmu take ba, girman ɗakunan mutane ba a hannunmu yake ba, bakinmu kuwa a hannunmu yake. Duk taron da aka yi sai an ɗora wa waya da wasannin kwamfuta laifi, a ce su suka kwashe yara. Waɗanda suka ajiye wayar suka zo da ƙafarsu fa, da allo a hammata, me muka yi musu? Har yanzu ban halarci taron da wani ya tashi ya yi wannan tambayar ba, kuma masu fi ɗaga murya wajen kukan rashin matasa, na lura, sau da yawa su ne dai masu wannan bakin.