Ranar da na dafa ƙanzo a matsin bar 50

Tun ina wata na biyu a dakin gwaje-gwaje na yi wa Hajiyarmu alkawarin sukari daga karan dawa. Ta ce Allah ya ba da sa'a, sannan ta ƙara ɓoye gwangwanin sukarinta.

A takarda aikin ba shi da wuya. Selulos, wato zaren da ke jikin karan dawa da sauran tsirrai, sarƙa ce ta wani sukari da ake kira gulukos, ruwan zafi ya tsinka ta, sai ƙarfen filatinam ya liƙa wa kowane gulukos haidurojin ya koma sobitol, wannan mai zaƙin da ake sawa a man goge baki da cingam, wanda in ya yi yawa a ciki mutum sai ya tare a bandaki. Wasu masu bincike, Fukuoka da Dhepe, sun yi haka a Japan a 2006, a zafin digiri 190 na awa 24, suka samu kusan kashi 31 cikin ɗari na selulos ɗin ya koma mai zaƙi, galibi sobitol da ɗan manitol, wani ɗan'uwan sobitol.

Na niƙa selulos ɗina tukuna, domin in ba a wargaza tsarinsa ba ruwa ba ya ratsa shi. Na zuba kusan rabin giram a tukunyar matsi, da giram 0.2 na filatinam a kan alumina, wato hodar da ke riƙe shi, da ruwa mililita 60. Na yi amfani da iskar naiturojin na kori iskar da ke cikin tukunyar sau uku, na cika ta har matsi ya kai bar 50 (bar ma'aunin matsin iska ne), na kunna wuta da abin motsawa, na tafi gida ina taƙama.

Sirrin abin a gudu yake. Tsinka sarƙar ne ke tafiyar hawainiya, shi ke yanke saurin aikin duka. Liƙa haidurojin kuwa nan take ne. Dole hakan ya kasance, don gulukos ba ya jure zaman jira a digiri 190. In ya fito bai tarar da haidurojin ba, sai ya zubar da ruwan jikinsa ya zama wani sinadari da ake kira HMF, daga nan ya dunƙule ya koma baƙin datti da ake kira humin, ya lulluɓe filatinam ɗin ma. Sobitol ya fi shi juriya, ko da yake shi ma in ya daɗe yana komawa wani sinadari daban, sobitan.

Washegari na buɗe tukunya. Ƙamshin alewar da ta ƙone ya buge ni, ruwan kamar shayin mai gadi, gindin tukunya baƙi ƙirin. Baba mai kula da na'urori ya leƙa, ya bi bututu da yatsa har zuwa silinda, ya ce, "Yaro, wa ya juya famfon zuwa haidurojin?"

Ba wanda ya juya. Bar 50 na naiturojin na ɗura, iskar da ba ruwanta da kowa.

Malam ya zo, ya shinshina, ya ce in rubuta sakamakon a littafi yadda yake. Na kwana biyu ina kankarar tukunya. Da Hajiya ta tambayi sukarinta na ce mata an samu ƙanzo tukuna, ta ce to in kawo ta jiƙa wa kaji.